Sumul

Litinin, 3 ga Maris

Na karɓo hoton ƙwaƙwalwar Tattabara. Wata biyar da haihuwa har an tura min 'ya cikin wannan injin mai ƙugi, duk saboda zaburar nan da take yi tana dunƙulewa kamar an tsikare ta. Mai ɗaukar hoton yana miƙo min ambulan na tare shi a bakin ƙofa, na ce don Allah ya faɗa min ko da kalma ɗaya ce. Ya yi ta sosa ƙeya. Can ya ce, "To, ƙwaƙwalwar dai sumul take, amma likita ce za ta..." Ban tsaya jin sauran ba. Tun a matakala na buga wa mamanta, na buga wa Innata, na buga wa ɗan kwangilarmu. Shi har dariya ya yi, wai 'yar Sumul ai dole ta fito sumul. Shekara goma sha huɗu ke nan da suka laƙaba min sunan nan a wurin gini, don bangon da na yi wa filasta ko ƙuda ya sauka sai ya zame.

Na dawo gida na tarar da mamanta tana kuka tana dariya, ta rungume yarinyar tana kiranta lafiyayyiya.

Laraba, 5 ga Maris

Asibiti sun kira, wai likita na son ganinmu gobe mu biyu. Na ce wa mamanta ta zauna ta rage ɗinkin mutane da ya taru mata, ai sa hannu ne kawai a takarda.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba. Ina zaune a kan bulo a bayan ginin da muke yi, littafin nan a kan gwiwata.

Likitar ta tambaye ni ina uwar yarinya. Na ce tana gida, ai mun riga mun ji labari mai daɗi. Ta cire gilashinta ta dube ni. Sai ta jera hotuna biyu a jikin fitila, ta ce na hagu na wani yaro ne, na dama na 'yata. Na hagun duk lanƙwasa ne da kwari. Ta ce haka ƙwaƙwalwa take, kamar gonar da aka yi wa kunyoyi, kuma a cikin kunyoyin nan ne zama da tafiya da magana suke tsirowa. Na dubi na dama. Wallahi da bango ne da na yi alfahari da shi. Ko tabo babu.

Ta ce wata ƙwayar halitta ce ta samu tangarɗa tun yarinyar na ciki, abin da ba a cika gani ba, sai ƙwaƙwalwar ba ta naɗu ba. Ta ce da wuya ta zauna da kanta. Tafiya da magana kuwa kada mu sa rai sosai. Maganin zaburar kada a yi fashinsa ko sau ɗaya. Kuma tana buƙatar jinina da na uwar, don a gano ko daga wani cikinmu abin ya fito.

Na ce mata amma an ce min sumul. Ta ce, "Eh, sumul ɗin shi ne ciwon."

Wace irin magana ce wannan? A wane gari ake cewa sumul ana nufin masifa?

Na dawo gida da yamma. Mamanta ta ce ya aka yi. Na ce sa hannu ne, kamar yadda na faɗa.

Asabar, 8 ga Maris

Gobe zan faɗa mata.

Litinin, 10 ga Maris

Na koma asibitin takanas don in ga mai ɗaukar hoton nan. Na jira shi awa biyu, na rasa rabin yinin aiki. Da ya fito na ce masa shi da bakinsa Allah ya isa. Ya ce ai ya ce min in jira likita, ni ne na ruga da gudu. Ya ce shi abin da ya gani a allo ya faɗa, bai san da wace kalma zai faɗa ba in ba wannan ba. Ƙiris ya rage in shaƙe shi. Mai gadi ya raka ni har titi.

Abin da ya fi ƙona min rai, duk hanya ina neman wata kalmar da ya kamata ya faɗa, ban samu ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Inna ta zo. Tun daga tsakar gida take faɗa. Wai tunda asibiti sun ce yarinya sumul take, to me ya hana ta riƙe wuya? Wai ɗan maƙwabta sa'anta har ya fara zama yana wawurar abu. Ta juya kan mamanta, wai ba ta cin abinci sosai, nononta ya tsinke, wai tana barin yarinya a kwance yini guda ta tafi tana taka keken ɗinki. Mamanta ta sunkuyar da kai.

Na daka wa Inna tsawa, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Ta dube ni ta ce, "Kai ne fa ka ce min sumul."

Na juya na shige ɗaki.

Talata, 18 ga Maris

Mutane ba su da wata amsar gaisuwa ne? Mai shagon siminti, ya gida, sumul. Direban tifa, ya hanya, sumul. Tun daga bakin gini ake ƙwala min kira, Sumul, Sumul. Yau na yi kunnen uwar shegu da ɗan kwangila har sau uku, sai da ya hau tsani ya taɓa kafaɗata ya ce ko na kurumce ne.

Alhamis, 20 ga Maris

Na je na ba da jinina. Likitar ta sake tambayar uwar, na ce ta yi tafiya. Ta rubuta wani abu a takarda. Na tsani yadda take yin shiru.

Zan rubuta wani abu a nan don babu mai karantawa. Ina zaune ana ja min jinin, na ji a raina ina fatan a ce daga wajen mamanta ne. Wallahi haka na ji. Ina so a nuna min mutum ɗaya a ce wannan ne, in san inda zan sauke abin da ke ƙirjina. Matar da ba ta taɓa yi min komai ba. Tir da ni.

Lahadi, 23 ga Maris

Yini guda ina gida ina kallon abin da na jawo. Mamanta ta kewaye Tattabara da filo huɗu a kan tabarma, tana koya mata zama. Ta zaunar da ita, ta saki, yarinya ta sulale. Ta sake, ta sulale. Na ƙirga sau goma sha tara. Tana yi tana mata waƙa. Ta ajiye ɗinki biyu ta mayar wa masu su, wai ba za ta ƙara hawa keke ba sai 'yarta ta zauna. Tana ɗura wa kanta abinci kamar magani, har tana yunƙurin amai.

Na ce mata ta bar yarinya ta huta haka. Ta ce, "Tunda lafiyarta ƙalau, ai laifina ne. Bari in gyara."

Na tashi na fita. Na zagaya unguwa sau biyu ina zagin likita da mai hoto da injinsu.

Laraba, 26 ga Maris

Na ɓata bango yau. Falon mutane, bango mai tsawon taku goma sha biyu. Na watsa kwaɓi, na ja katako, na bi da soso, ya fito yadda ake so, yana sheƙi. Na ja baya na tsaya ina kallonsa, sai na ga hoton nan na dama, na ƙwaƙwalwar 'yata. Ban san lokacin da na kafta masa cokalin gini daga sama har ƙasa ba. Ɗan kwangila ya yi ta masifa, ya ce in aljanu ne suka shafe ni in je gida su sauka. Na sake shafewa kafin ya bushe. Ban ba shi haƙuri ba.

Asabar, 29 ga Maris

Mamanta ta sake yi min maganar bangon ɗakinmu, wanda ke gefen gadon yarinya. Shekara biyu yana nan bulo tsirara, tun da siminti ya ƙare mana. Da tsokana take faɗa, wai tana auren mai filasta tana kwana a kango. Yau ba da tsokana ba ne, wai ko ƙurar bulon ce ke hana yarinya ƙwari. Komai ta gani sai ta tuhume shi, daga nononta har bango.

Talata, 1 ga Afrilu

Rigima kan magani. Ta ce maganin nan sa yarinyar barci yake yi, shi ya sa jikinta ya saki. Ta ce in ƙwaƙwalwa lafiya take, kuma zaburar ta tsaya, me ake yi da shi har yanzu? Tambaya ce mai kyau. Amsar tana bakina. Maimakon in faɗa sai na buga ƙofa na ce a ci gaba da ba ta don ni na ce, kuma ba na son ƙarin magana.

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Ranar Juma'a zan faɗa mata, in na dawo da wuri.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ban dawo da wuri ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ina kan tsani wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara. Muryar mamanta ce, amma ban gane me take cewa ba sai "ba ta tsaya ba, ba ta tsaya ba." Na same su a ɗakin gaggawa da siminti a ƙafata. Tattabara ta yi jijjiga kusan minti ashirin, leɓenta ya canza launi. Sun yi mata allura, sun sa mata robar iska a hanci.

Ashe tun ranar Alhamis mamanta ta daina ba ta maganin. Kwana huɗu. Tana zubarwa a bayi don in ga kwalbar na raguwa.

Na buɗe baki zan yi mata ihu, sai ga likitar. Ta ce wa mamanta sannu da dawowa daga tafiya. Sannan ta ce, a hankali, yaro mai irin wannan ƙwaƙwalwar ba a yi masa wasa da magani, ai ta yi wa maigidanta bayani. Mamanta ta ce wace irin ƙwaƙwalwa?

Likitar ta dube ni. Ni kuma na dubi takalmina.

Ta kai ta ofis ta nuna mata hotunan. Ban shiga ba. Ta jima a ciki. Da ta fito ba ta yi kuka ba, ta tsaya a gabana tana lissafi da yatsu.

"Kwana talatin da biyu," ta ce. "Kwana talatin da biyu ka bar ni ina zargin nonona. Kana zaune kana kallona ina zaunar da ita tana faɗuwa."

Na ce ina tsoron kada hankalinta ya tashi ne.

"Ƙarya kake. Kunyar janye maganarka kake ji. Ka buga wa duniya waya, sai ka kasa buga ta biyu."

Ta shige wajen yarinya. Ta ce wa nas kada a bar ni in shiga.

Talata, 8 ga Afrilu

Tattabara ta farka, ta sha nono. Daga taga na gani.

Ina ta neman wanda zan ji haushi yau. Duk wanda na ɗauko sai ya zame min.

Asabar, 12 ga Afrilu

An sallame su. Mamanta ta ba da jininta kafin mu fito, ba ta ko juyo ta dube ni ba. A gida ta aika aka kira Inna, ta zaunar da mu, ta ce in maimaita wa mahaifiyata abin da likita ta faɗa, a gabanta, kalma bayan kalma. Na faɗa. Na yi maganar kunyoyin gona, na ce ƙwaƙwalwar 'yata ba ta da kunya ko ɗaya, sai na ji yadda maganar ta fito, na kusa yin dariya, na kusa yin kuka.

Inna ta dubi mamanta. Na zaci haƙuri za ta ba surukarta. Sai cewa ta yi, to wannan abu daga wane gida ya fito, don mu dai a danginmu ba a taɓa yi ba.

Na raka ta har bakin titi na tsayar mata da mota. Na ce kada ta dawo sai ta samo wata maganar. Duk da haka na san tambayar da ta yi ita ce na yi wa kaina ranar da ake ja min jini, bambancin kawai ita ta faɗa a fili.

Laraba, 23 ga Afrilu

Gidan nan magana uku ake yi a cikinsa: ga abinci, an ba ta magani, rufe ƙofa. Ta manna takarda a bango tana yin alama duk lokacin da aka ba da maganin, ta ƙarfe bakwai ni, ta yamma ita. Ta koma kan kekenta. Filo huɗun nan sun koma kan gado.

Da can in ta so tsokanata Malam Sumul take ce min. Yanzu ba ta kirana da komai. In tana son in juyo sai ta ƙwanƙwasa tebur.

Litinin, 5 ga Mayu

Mai shagon siminti ya ce yaya 'yar tamu, an ce sumul. Na ce a'a, ba ta da lafiya, kuma ba za ta warke ba. Ya rasa inda zai sa idonsa. Mutum na shida ke nan da na faɗa wa. Saura da yawa, ashe ranar nan ba ƙaramin surutu na yi ba.

Talata, 27 ga Mayu

Sakamakon jini ya fito. Mun je mu biyu, da yarinyar.

Ba daga ni ba ne. Ba daga ita ba ne. Likitar ta ce jininmu duka babu abin, a jikin Tattabara ya fara, kamar mai kwafe littafi ya kuskure harafi ɗaya a cikin dubban shafuka. Babu abin da aka ci, babu abin da aka sha, babu abin da aka bari ba a yi ba. Na ce to wa ya yi kuskuren? Ta ce babu kowa. Na ce ba zai yiwu ba, ni a wurin aikina in bango ya karkace akwai hannun da ya karkatar da shi. Ta ce ta sani, amma nan babu.

Na fito raina a ɓace fiye da yadda na shiga. Wata uku ina wasa wuƙa, an ce min babu abin yanka.

A mota mamanta ta yi magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce ita ma ta yi fatan a ce daga wajena ne. Na ce na sani. Ban faɗa mata nawa ba, amma ina jin ta gane, don ta ɗan yi tsaki irin wanda take yi in na zubar da shayi.

Asabar, 7 ga Yuni

Na shigo da buhun siminti da yashi mai laushi. Na ce yau zan shafe bangon nan na gefen gado, shekara biyu ya isa. Ban iya ba da haƙuri da baki ba, na ce ko da cokali ne in gwada. Ina jiƙa bulon ta shigo ta ce in dakata.

Ta ɗauko Tattabara ta matsa da ita jikin bangon. Hannun yarinyar nan kullum a dunƙule yake, ko wanka ake mata sai an ɓamɓare yatsun. Ta ɗora bayan hannun a kan bulon ta ja a hankali. Sai na ga yatsun suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ta shimfiɗa tafinta a kan kaushin, tana wannan gurnanin nata na tattabaru da ya sa muka sa mata sunan.

Ta ce sati biyu ke nan da ta gano. Ba ta yi da bargo, ba ta yi da fuskar uwarta, sai da bulon nan. Matsalar kawai yana kuje mata fata.

"In za ka shafe, shafe," ta ce. "Amma kada ka kuskura ka yi min irin aikinka."

Lahadi, 8 ga Yuni

Na yi shi. Na watsa kwaɓi, na ajiye katako da soso a gefe, na bi shi da yatsa tun yana ɗanye. Layi-layi, lanƙwasa, kwari, daidai tsayin gadonta. Na goge bakin kowace kunya don kada ta yanke ta. Hannuna sai gardama yake min, yana son ya baje. Can mamanta ta durƙusa ta sa nata yatsan, layinta duk a karkace. Na bar shi.

Inna ta zo da rana, karo na farko tun ranar nan. Ba ta samo wata maganar ba, amma ta karɓi yarinyar ta riƙe ta har ta yi barci, kuma da lokacin magani ya yi ita ta tuna mana. Da ta ga bangon ta riƙe baki, ta ce wane mugun ne ya yi mana wannan aika-aikar.

Mamanta tana naɗe kaya ta ce, "Malam Sumul ne."

Ba wai an shirya ba ne. Har yanzu in na tuna mai hoton nan raina tafasa yake. Na dai ce na'am, don na zaci kirana take.

Sai bangon ya kwana uku kafin a bar yarinya ta taɓa. In tuna in yayyafa masa ruwa da safe.